Me za mu kira tashin da gizo-gizo ke yi a iska?

Jama'a, ga wata kalma ta tsaya mini a wuya. Kawuna da ke aiki a gonar dabino a bayan Madina ya nuna mini wani gungun dabino ɗanye, duk wata yana irin ta gizo ta lulluɓe shi, ƙura ta manne. Larabawa na ce wa mai wannan ɓarna ankabutul gubar, wato gizon ƙura. Ɗan mitsitsi ne, dangin kaska, da ƙyar ido ke ganinsa. Na ce, "Kawu, abin da ba shi da fiffike, yaya yake tsallakawa daga gona zuwa gona?" Ya ce, "Iska mana, ɗana."

Gaskiyarsa. Shi gizo-gizo kuwa dabararsa ta fi haka. Yakan hau ƙololuwar ciyawa, ya yi ɗage, ya ɗaga ciki sama, ya saki zare, sai iska ta sure shi. A 1832 masanin halittu Charles Darwin ya ga irinsu sun sauka a jirgin ruwan Beagle, kusan mil 60 daga gaɓar Ajantina. A 2018 kuma masu bincike a Jami'ar Bristol ta Ingila suka nuna ba iska kaɗai ba ce: da gashin ƙafafunsu suke jin lantarkin da ke sararin sama, har sukan tashi a akwatin da ko iska ba ta motsi.

Turawa sun ce masa "ballooning". Mu fa?

Wani ya kawo "tashin balan-balan". Ban karɓa ba, don ba abin da ke kumbura, zare ne kawai. Ƙanwata ta ce "hawan iska", kawu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce to sai a kira masu garaya, don Bahaushe na jin haka bori zai tuna. "Shawagi" kuma na shirwa ne da jirgin sama, masu iko da inda suka nufa. Gizo-gizo duk inda aka ajiye shi, nan ne gida, ko tsakiyar Bahar Maliya ne.

Na so "tashin yana", sai dai yau ka ce yanar gizo, hankalin yara intanet zai tafi. Kuma yana saƙa ce ta kama ƙuda, wannan ko silin zare ne.

Ni dai na tsaya a kan "tashin zare". Gajere ne, ya faɗi abin da ke faruwa, kuma yana shiga magana: gizo-gizo ya yi tashin zare. Gizon ƙura da 'yan'uwansa, da iska ke kwasa ko babu zare, a bar su da "bin iska". Kawu ya ce a Sakkwato tautau suke cewa, amma a kan zaren bai yi musu ba.