Kaurin sautin hedifon ɗina ya ragu: me zan iya gyarawa da kaina a gida?

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum. Ina da hedifon irin mai rufe kunne gaba ɗaya, wanda na shekara uku ina amfani da shi, kuma a 'yan watannin nan na lura cewa kaurin sautinsa ya ragu ƙwarai. Ganga ba ta da nauyi kamar da, sannan harafin "s" a bakin mai magana yana sukar kunne idan na ƙara murya. Fatar da ke kan sosonsa ta fara ɓarewa, soson kuma ya lotsa har kunnena yana taɓa ragar da ke rufe lasifikar. Na ga wasu suna kwance nasu su cusa auduga, wasu kuma suna canza waya. Wanne ne yake da tasiri na gaskiya, kuma ta ina ya kamata in fara? Ba na son garin neman gira in rasa ido.

Tsohon Mai Gyara:
Wa alaikumus salam. Malam, ai ka riga ka faɗi ciwon da bakinka, domin soson da ya lotsa shi ne abin zargi na farko. Rufaffen hedifon yana dogara ne da iskar da ke tsare tsakanin lasifika da kunne, kuma sauti mai kauri, musamman wanda yake ƙasa da 100 Hz (Hz shi ne ma'aunin kauri ko sirantakar sauti: ƙaramar lamba, sauti mai kauri), yana zurarewa ta kowace kafa komai ƙanƙantarta, har da wadda hannun tabarau yake buɗewa a gefen kai. Idan kaurin ya zube, mutum yakan ƙara murya don ya cike giɓin, sai siririn sautin ya fito fili ya riƙa suka. Ka gwada tun kafin ka taɓa sukundireba: ka kunna abin da ka saba ji, ka danna kofunan hedifon biyu, wato sassan da ke rufe kunnuwa, a kanka da tafukan hannu. In kaurin ya dawo nan take, to lasifikarka lafiya take.

Wajen sayen sabon soso, ka nemi mai zurfi da faɗi daidai da na asali, saboda da shi kamfanin ya daidaita sautin. Na fata yana riƙe iska, don haka yana ƙara kauri, na karan-miski kuwa ya fi sanyi a kunne amma yana barin iska ta wuce. Maganar waya ka ajiye ta, sai fa in tana katsewa ko tana ƙaraf-ƙaraf idan an motsa ta.

Mai Kwance-Kwance:
Na yarda da babanmu a kan soso, amma ba zan so a raina aikin cikin kofi ba. Tantanin lasifika yana tura sauti gaba da baya a lokaci guda, kuma wanda ya tafi baya yakan bugi bangon roba ya dawo, abin da ke sa wasu hedifon su riƙa amo kamar ana magana a cikin bokiti. Auduga ko siririn ƙyallen ulu yana shanye wani ɓangare na wannan amon. Da irin wannan aiki hedifon Fostex T50RP ya yi suna a wurin masu gyare-gyare, haka kuma masu Sennheiser HD 555 sun daɗe suna cire wani ɗan soso da ke manne a bayan lasifikarsa don sautin ya kusanci na HD 595.

Idan za ka yi, ka yayyage audugar ta yi sakwa-sakwa, ka raba ta daidai wa daida tsakanin dama da hagu, kada ta taɓa tantanin, kada kuma ta toshe 'yar hudar iskar da ke bayan maganaɗisun lasifikar. In ta yi yawa, lasifikar takan shaƙe, kaurin da kake nema ya ƙara gudu. Don rage sukar "s", falle ɗaya na takardar tishu a gaban raga, ƙarƙashin soso, yakan isa. Sai dai ka yi hattara da hannunka. Na taɓa kwance wani da nake ji da shi, maganaɗisu ya fizgi bakin sukundireba ya lotsa tantanin, kuma tun daga ranar gefen hagu yake zuza a duk lokacin da ganga ta buga. Wayoyin da ke shiga lasifika sirara ne kamar gashi, don haka ka ɗaga murfin a hankali, ka ɗauki hoton yadda komai yake kafin ka motsa shi.

Ma'abociyar Sauti:
Ɗan'uwa, ni shawarata ita ce bayan sabon soso ka gwada ikwalaiza, wato manhajar da ke ƙara ko rage kauri da sirantakar sauti, kafin ka kwance ko da ƙusa ɗaya, domin abin da ka canza da manhaja kana iya mayar da shi cikin daƙiƙa. A kwamfuta mai Windows akwai Equalizer APO, a wayar Android akwai Wavelet, kuma dukkansu suna iya amfani da saitin AutoEq, wato shiryayyen saitin ikwalaiza na kowane samfurin hedifon, wanda yawancinsa yake bin ma'aunin da Sean Olive da abokan aikinsa suka fitar a kamfanin Harman. Ka rage desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 2 ko 3 a tsakanin 6,000 da 8,000 Hz, inda sukar "s" ta fi zama. In ka ɗaga kauri da desibel 4, ka sauke ƙarfin sautin gaba ɗaya da desibel 4, in ba haka ba zai riƙa tsagewa. Kuma waɗannan saituka an auna su ne da soso mai kyau, don haka ba za su yi daidai a kan wanda ya lotsa ba.

Ɗan Koyo:
Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi gwajin da Baba ya ce, kuma ina danna kofunan sai ganga ta dawo da nauyinta, na cire tabarau kuma sai ta ƙara cika. Na auna tsohon soson da rula don in nemi daidai shi. Idan ya iso zan saurare shi na mako guda ba tare da na canza wani abu ba, sannan in gwada saitin da 'yar'uwa ta bayar in sukar "s" ɗin ba ta tafi ba.