Ina neman shawara kan dokar sarƙa a kalkulas

Ɗalibar aji ɗaya: Assalamu alaikum, 'yan zaure. Gwajin kalkulas ya matso, kuma dokar sarƙa (chain rule, ta lissafin da ke da wani lissafi a cikinsa) ta ƙi zama min. An ba mu y = (3x + 1)⁵ mu nemo dy/dx, wato saurin canjin y idan x ya canza, na samu 5(3x + 1)⁴, aka ce bai cika ba. Wane littafi ko bidiyo zai taimaka?

Malamin sakandare: Wa alaikumus salam, 'yata. Kin yi na waje, kin bar na ciki. Ki sa u = 3x + 1, sai y ta zama u⁵. dy/du = 5u⁴, du/dx = 3, ki ninka su: 15(3x + 1)⁴. Wannan 3 ɗin shi ke kayar da yara a WAEC duk shekara. Shawarata, ki riƙa rubuta u a fili har hannunki ya saba.

Ɗan aji uku, injiniya: Ƙanwata, nemi Engineering Mathematics na K. A. Stroud a laburare. Yana tafiya daki-daki, ya tambaye ki, ki amsa, sannan ya nuna amsar. Amma Malam, ni dai ina ganin sa u na cin lokaci a jarrabawa.

Malamin sakandare: Gara ya ci lokaci da ya ci maki. Wanda bai saba da u ba, ranar da aka ba shi sin(x²) da sin²x tare zai haɗa su. A na farko x² ne ciki, amsa 2x cos(x²). A na biyu sin x ne ciki, amsa 2 sin x cos x.

Wata 'yar ajin ƙarshe: Ni bidiyon 3Blue1Brown a YouTube ya fahimtar da ni dalilin ninkawar: u na gudu ninki 3 na x, y kuma na bin u. Don atisaye kuma Khan Academy, kyauta ne, sai dai data.

Ɗan aji uku, injiniya: Ko babu data, kalkuleta ta isa ki gwada amsarki. A x = 0, y = 1. Sa x = 0.001, za ki samu kusan 1.01509. Raba bambancin da 0.001, ya ba ki kusan 15. Amsarki ta farko da 5 za ta bayar.

Ɗalibar aji ɗaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. To Malam, √(x² + 4) fa? Na sa u = x² + 4, na samu x/√(x² + 4).

Malamin sakandare: Daidai ne. Yanzu gwada e^(sin 2x), hawa uku gare shi. Ki turo kafin Isha.