Wa ya ga dubu 70 ɗin nan a hannunsa? Ma'aikatan Kaduna ku zo kowa ya faɗi nasa

Malama daga Rigasa:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah kowa ya faɗi abin da ya same shi da kansa, banda "an ce an ce". Tun Yulin 2024 shugaba Tinubu ya sa hannu mafi ƙarancin albashi ya tashi daga dubu 30 zuwa dubu 70, nan Kaduna ma gwamna Uba Sani ya ce dubu 72. To ni shekarata shida ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, dubu 38 nake ɗauka, bara aka ƙara min dubu biyar wai shi ne gyaran, kuɗin Keke Napep kaɗai ya kusa cinye rabi wlh. Da muka yi magana mai makarantar ya ce dokar ta ma'aikatan gwamnati ce ba ruwanta da mu. Mu 31 ne har da masu shara da maigadi. Gaskiya ya faɗa?

Tsohon ma'aikacin masaƙa, Kakuri:
Wa alaikumus salam ƴata. Ba haka ba ne. Dubu 72 ce ta ma'aikatan jiha, amma dubu 70 dokar tarayya ce, ta hau kan masu zaman kansu ma. Waɗanda aka tsame su ne wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba, sai masu aikin ɗan lokaci, da ƴan kamasho ko wanda ake biya gwargwadon abin da ya yi, da aikin gona na kaka da damina. Ku 31 kun wuce layin. Amma in tambaye ki, kina da takardar ɗaukar aiki?

Malama daga Rigasa:
Babu Baba. Da baki aka yi, ƙawar yayata ce ta kai ni.

Tsohon ma'aikacin masaƙa, Kakuri:
To nan gizo ke saƙar. Dokar ƙwadago ta ce cikin wata uku da fara aiki dole a ba ki takarda mai ɗauke da aikinki da albashinki da hutunki da yadda za a rabu in ta kama. Mu da masaƙu suka durƙushe mun ga wannan da idonmu, mai takarda ma ya sha wuya kafin ya ga haƙƙinsa, wasu abokanmu har suka koma ga Allah ba su gani ba, balle wanda ba shi da ko ƙyalle.

Mai gidan biredi, Tudun Wada:
Bari in sa baki ta ɓangarenmu don kar a ce duk mai ɗaukar aiki azzalumi ne. Yara 12 gare ni, doka ba ta kama ni ba, amma tsoron Allah ya kama ni ai. Fulawa ta tashi, suga ya tashi, dizal ba a magana, in na ce kowa dubu 70 sai dai in sallami rabi ko in rufe tanda, kuma waɗannan yaran wasu su ke riƙe da iyayensu a ƙauye. Abin da na iya shi ne ƙari daidai ƙarfina da abincin rana da biredin da suke tafiya da shi gida. Takarda kuwa na yarda da Baba ɗari bisa ɗari, wani mai kwaɓi ya taɓa cewa yana bina wata biyu ni kuma na san ɗaya ne, ba shaida ba komai, sai da liman ya shiga tsakani na biya duka don a zauna lafiya. Tun ranar kowa da takardarsa, kuma ta banki nake biya.

Maigadi, Barnawa:
Nawa ya fi na kowa ciwo. Shekara uku ina gadin wani ofis amma ba su suka ɗauke ni ba, ɗan kwangila ne a tsakani, su su biya shi shi ya gutsuro ya ba mu. Ranar wata Lahadi da dare saƙo kawai na gani a waya wai kar in fito gobe. Na je ofis suka ce ba su san ni ba in nemi ɗan kwangila, shi kuma ya daina ɗaga waya, matata na da tsohon ciki a lokacin.

Tsohon ma'aikacin masaƙa, Kakuri:
Allah ya saka maka. Wanda ya yi shekara biyu zuwa biyar notis ɗin sati biyu doka ta ba shi ko kuɗin madadinsa, daga biyar zuwa sama wata guda. Ka kai ƙara ofishin ƙwadago?

Maigadi, Barnawa:
Na kai Baba, wani ɗan unguwarmu ya raka ni. Alat ɗin banki na wata-wata na nuna, shi ya cece ni. Aka kira ɗan kwangilar, da ya ji ana maganar Kotun Ma'aikata ya biya ragowar albashina da kuɗin notis. Sai da na yi sawu huɗu dai.

Ma'aikaciyar jinya, Unguwan Dosa:
Mata ku ji nawa. A asibitin kuɗi nake, da na haihu ana yin arba'in manaja ya kira wai in dawo ko a sa wata. Ƙanwata da ke aikin jiha wata shida ta yi a gida, tun 2019 aka yi musu haka. Daga baya na san ko mu ma doka ta ba mu sati 12, da aƙalla rabin albashi in kin kai wata shida a wurin. Na koma da ɗanyen jego ina kuka, jaririn a wajen kakarsa, har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Akawu, Kawo:
Ku duba fansho kuma. Kashi 8 ake cirewa a albashinka, mai kamfani ya ɗora kashi 10, kuma cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi ya kamata ya tura. Inda na baro wata 14 ana cire min ba a turawa, ban farga ba sai da na nemi bayanin asusuna. In alat ɗin fansho ya daina shigo maka kar ka ce matsalar netwok ce, je ka tambaya.

Malama daga Rigasa:
Na gode ƙwarai jama'a. Na yi magana da malamai tara yanzu, mun yarda takardar aiki za mu fara nema kafin maganar dubu 70, amma gsky wasu na tsoron a kore su. Baba mutum ɗaya zai sa hannu ko dukkanmu?

Tsohon ma'aikacin masaƙa, Kakuri:
Dukkanku ƴata, kar ku bar mutum ɗaya a gaba. Ku rubuta cikin ladabi, ku yi hoto biyu, wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a naku, kowa kuma ya je banki ya ciro bayanin albashinsa tun daga farko ya ajiye a gida ba a makaranta ba. In ya yi shiru sati biyu ki dawo ki faɗa min.