Alƙalan tanis na jihohi: yaushe rabonku da kos, kuma ta ina labari yake iso muku?

Mai_Kujera_Kano: Assalamu alaikum 'yan uwa. Satin da ya wuce na sha kunya a kan kujerar alƙalanci irin wadda ban taɓa sha ba. Wasan yara ne 'yan ƙasa da 16, ana canjin gefe sai na ga kocin yaro ɗaya ya matso jikin waya yana yi masa magana, ni ko ban yi wata-wata ba na ba yaron gargaɗi, kawai sai mutumin nan ya zaro wayarsa ya nuna min cewa ITF, hukumar tanis ta duniya, ta halatta koci ya yi wa ɗan wasa magana daga wajen fili tun 1 ga Janairun 2025, in dai masu gasar sun yarda da hakan. Na tura a kira rafali, wato babban alƙalin gasar, shi ma wallahi bai san ko gasarmu ta ɗauki dokar ko ba ta ɗauka ba, muka tsaya cirko-cirko iyaye suna kallonmu. Rabona da kos shekara shida kenan. Don Allah kowa ya faɗo abin da ya taɓa samunsa, ko ni kaɗai ne?

Baba_Tsohon_Rafali: Wa alaikumus salam. Ɗana ba kai kaɗai ba ne, amma ni abin da ya fi damuna ma tsofaffin dokokin ne da ba a riƙe ba. Har yau akwai mai ƙirga wa yara daƙiƙa 20 tsakanin maki da maki alhali an koma 25. Raga fa? Tsakiyarta ƙafa uku ne cif, wato 0.914 na mita, jikin ƙarfe kuma 1.07, amma je ka kulob ka ga wa yake aunawa, sai dai a dafa da hannu a ce ta yi. Ni kafinta na sa ya yanko min katako daidai ƙafa uku, yana cikin but ɗin motata shekara da shekaru, shi nake auna raga da shi, shi nake auna inda za a kafa sandunan singil, masu tokare raga a wasan mutum ɗaya-ɗaya, daga layi. Wata gasa da na je na tambayi sandunan singil, yaron da ke kula da fili ya kawo min tsintsiya.

Maman_Ilham: Baba ka ban dariya wallahi. Ni alƙalancin layi nake yi a Kaduna, mai kallon ko ƙwallo ta shiga ko ta fita, kuma matsalata sadarwa ce tsagwaronta. Muna da gurup a WhatsApp mutum kusan 60, amma jadawalin gobe sai ya nutse a cikin barka da Juma'a da tallan atamfa da bidiyon siyasa, ranar nan na bar yara da ƙanwata na shiga adaidaita tun ƙarfe 7 na isa fili, ashe an mayar da wasannin wani kulob tun dare, an faɗa wa mutum uku ta waya an ce su faɗa wa saura. Kuɗin mota daga aljihuna, kuma da na isa can ni aka yi wa faɗan latti.

Sai kuma alamun hannu. Ɗan wasa ya tare min layi ban ga inda ƙwallo ta sauka ba, na ɗaga hannuwana gaban fuskata ƙasa da ido kamar yadda aka koya mana, ma'ana ban gani ba kai ka yanke, na kan kujera sabo ne ya ɗauka cewa nake ta shiga, ya kira maki. Da aka tashi na tambaye shi ya ce shi ba a taɓa nuna masa wannan ba. Minti goma kafin wasa da za a haɗa na kujera da na layi a yi bita, da duk haka ba ta faru ba.

Dan_Maradi: Mu a nan Nijar da Faransanci muke kiran maki, kanz, tarant, karant, egalite, wato 15, 30, 40 da kunnen doki, to ranar farko da na hau kujera a Kano bakina ya riƙa kuɓucewa, in ce egalite yara su juyo suna kallona. Wannan mai sauƙi ne. Wanda ya ƙone min rai shi ne taibirek, wato wasan raba gardama, na madadin set na uku, ni na san maki 10 ne da tazarar 2, abokin aikina a filin gefe ya tsayar da nashi a 7 ya tashi yara, uwar yaron da aka cire har kuka ta yi. Littafin dokokin nan da Turanci yake da Faransanci da Sifaniyanci, masu tsayuwa a layi a wajenmu da yawa ba su karanta ko ɗaya sosai. Da za a samu mai yin saƙon murya da Hausa, minti biyu-biyu, doka ɗaya a sati, da ya yi mana aiki mu da ku duka.

Sarkin_Yawo: Ku kuna da kujera ma. Ni yawanci alƙalin zagaye nake, fili shida ni kaɗai, yara su ke kiran layinsu da kansu, in rigima ta tashi a fili na 5 ina na 1 sai an turo yaro da gudu. Akwai wani yaro ɗan wani babba, ya buga raket da ƙasa na ba shi gargaɗi, ya sake na cire masa maki, ya zage ni na cire gem, bi da bi kamar yadda doka ta tsara, irin abin da alƙalin kujera Carlos Ramos ya yi wa Serena Williams a wasan ƙarshe na US Open a 2018. Uban ya je ya samu rafali a inuwa, suka yi ƙus-ƙus, rafali ya zo ya ce min Malam a yi haƙuri a mayar masa da gem ɗin. A gaban yaran. Tun daga ranar in na yi magana a filin nan sai yaro ya ce bari babana ya zo. Wannan kos ba zai gyara shi ba sai an haɗa da rafalin a ajin.

Baba_Tsohon_Rafali: Rafali yana da ikon gyara maka in ka yi kuskuren doka, amma abin da ka gani da idonka naka ne. Ya cuce ka.

Auta_Bauchi: Yayyena ni ne ƙarami a nan, shekara biyu da farawa. Inda na fi koyon aiki a gasar Dala Hard Court ne a Kano, don a can na zauna kusa da manya har da masu farin baji, shaidar ƙwarewar alƙalanci ta ITF, ina kallon yadda suke cika katin maki da yadda suke magana da ɗan wasa ba tare da ɗaga murya ba, sati ɗaya ya fi min duk takardun da aka raba mana. Burina farin bajin nan, amma makarantar ITF mataki na 2 sai hukumar ƙasa ta tura sunanka, kuma ni sau biyu ina jin labarin kos bayan an gama, a hoto nake gani. Wasu na cewa ai aikin layi ya mutu tunda gasar Wimbledon ma ta sallami masu layi a 2025 ta koma na'ura, ni dai ban ga ranar da na'urar nan za ta zo Bauchi ba.

Wani abu kuma da ba wanda ya taɓa gaya mana, wani ya yi min magana a Facebook wai in ina shigar da maki a na'ura in ɗan jinkirta kaɗan zai riƙa turo min wani abu. Na yi bulokin ɗinsa kawai, sai daga baya na ji ashe 'yan caca ne, kuma dole ne a kai rahoto wajen ITIA, hukumar da ke yaƙi da maguɗi a tanis, yin shiru ma laifi ne.

Maman_Ilham: Innalillahi. Auta ka ga irinta ko, ni ma yau na fara jin wannan.

Mai_Kujera_Kano: To jama'a ga abin da zan iya ni. Zan buɗe wani gurup ɗin da admin kaɗai ke rubutu, jadawali da canjin doka kawai, mutum ɗaya daga kowace jiha, Ɗan Maradi kai ma kana ciki. Saƙon muryar kuma Baba in ka yarda kai za ka fara mana, da taibirek, tunda shi ya sa uwa kuka.

Baba_Tsohon_Rafali: Na yarda, amma sai jikana ya dawo daga makaranta don shi ya iya danna abin. Ranar Asabar kuma bayan la'asar duk wanda ke Kano ya same ni a fili, zan zo da katakona, kowa ya taho da kuɗin kafinta a yanko masa nashi.