Shawarwarin da aka tattara kan mayar da NFA zuwa DFA

NFA da DFA injina ne na nazari masu karanta kalma harafi-harafi suna tafiya daga matsayi zuwa matsayi: a NFA harafi ɗaya na iya kaiwa matsayi da yawa, a DFA kuwa matsayi ɗaya tak. Masu koyar da ilimin kwamfuta sun fi jan kunnen ɗalibai kan hanyar Rabin da Scott ta 1959, inda kowane matsayin DFA rukuni ne na matsayan NFA. A fara da matsayin farko, a haɗa masa duk inda kibiyar epsilon (ε, wadda ake bi ba tare da karanta harafi ba) ke kaiwa, a kuma maimaita hakan bayan kowane harafi. Nan aka fi yin tuntuɓe. NFA mai matsayi 4 na iya haifar da rukuni 16, amma waɗanda ake isa gare su kaɗai za a zana. Kada a manta da rukunin wofi, wanda babu matsayi ko ɗaya a cikinsa. Rukuni na karɓar kalma in matsayin karɓa ko ɗaya na cikinsa.

Batun aⁿbⁿ kuwa (kalmomi masu jerin a sannan jerin b, adadinsu daidai), DFA ba ya iya riƙe ƙidaya marar iyaka, sai nahawu (ƙa'idar ƙera kalmomi) irin S → aSb | ε.