Wane kwabon Rumawa zan fara saye?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina son in fara tara tsabar tagulla ta Daular Rum, amma aljihun ba nauyi. Da wanne zan fara?

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. Nemi ƙananan nan na zamanin Sarki Kwanstantin da 'ya'yansa, ƙarni na 4. An buga su da yawan gaske, shi ya sa suke da araha. Ni na fi son mai rubutun URBS ROMA, wato Birnin Rum, wanda aka fara bugawa a shekarar 330. A bayansa akwai kyarkeciya tana shayar da tagwaye, Romulus da Remus, waɗanda almara ta ce su suka kafa birnin Rum, da taurari biyu a samansu.

Hajiya: Malam kullum kyarkeciyar nan! Ƙanena, duba mai FEL TEMP REPARATIO, na bayan 348. Soja ne ya soki mahayi da mashi, doki ya durƙushe, shi kuwa ya miƙa hannu. Rubutun wai yana albishir da dawowar kwanakin jin daɗi, hoton kuma kisa. Duk abin bai fi farcen babban yatsa da yawa ba.

Sabon Shiga: Ikon Allah. To manyan fa, Hajiya?

Hajiya: Sestertiyus ke nan, masu SC, wato da iznin majalisar dattawa. Akwai na Sarki Hadiriyan mai hoton Afirka, mace kishingiɗe da hular kan giwa, riƙe da kunama. Sai ka shirya kuɗi, kuma nan jabu ya fi yawa. Duba gefen: in ka ga layin haɗi ko 'yan ramuka kamar kumfa, zubi ne, wato jabu.

Malamin Tarihi: Kuma cikin ƙananan, ka zaɓi wanda haruffan ƙasansa suka fito, su ke faɗin garin da aka buga shi. ALE Iskandariyya ce, SIS kuma Siskiya, garin Sisak na ƙasar Kuroshiya a yau. Shafin intanet na OCRE, kundin tsabar Daular Rum, kyauta ne, ka gwada naka da hotunansu.

Baba Maƙeri: Ɗana, abu ɗaya zan ce. Kada ka goge. Na farkon da na samu, toka da lemon tsami na sa masa kamar tasar amarya, ya yi ƙyalli, fuskar sarkin ta tafi. Koren nan mai santsi shi ne darajarsa. Wanda za ka ji tsoro shi ne kore mai haske, mai zuba kamar gari, cin ƙarfen yake yi. Ware shi, ka raba shi da danshi.

Sabon Shiga: Na gode, Baba. Kyarkeciyar zan fara nema, Hajiya a yi haƙuri.

Hajiya: Ka tabbata dai taurarin sun fito.