"Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma": gaskiya ce ko mafakar marowaci?

Ɗan Gangare:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya bayan magariba muka yi musu da yayana a kan karin maganar nan. Wani maƙwabcinmu aka sallama daga aiki, ya shigo gidanmu jiki a sanyaye. Ba ni da abin ba shi, sai na zaunar da shi, na tuna masa yadda ya riƙe ƙannensa uku har suka gama sakandare, na ce wanda ya iya wannan ba zai rasa mafita ba. Yana fita Yaya ya ce surutu kawai na yi, magana ba ta sayen mudun masara. Da na kawo masa karin maganar sai ya ce ai wannan ta tarbar baƙo ce, ba ruwanta da lallashi. Don Allah wa ya fi gaskiya?

Malamar Firamare:
Wa alaikumus salam. Yayanka bai yi kuskure a kan asalinta ba, maganar baƙunta ce. Ka shimfiɗa wa baƙo tabarma, ka kawo masa ruwa, amma in ka haɗe rai ruwan ma da ƙyar zai wuce masa maƙogwaro. Sai dai ka tambaye shi, ta yaya ake sakin fuska baki a rufe? "Maraba lale", "sannu da hanya", "yaya ka baro mutanen gida?" duk cikin shimfiɗar suke. Ni dai ina ganin ka yi amfani da ita a muhallinta.

Mai Shayin Bauchi Road:
Malama, a yi mini afuwa, ni ina bayan yayan. Mutane sun mayar da wannan magana bangon ɓuya. Bara na yi tattaki har Abuja wurin wani ɗan'uwanmu mai hali, a kan kuɗin makarantar yarona. Ya tarbe ni da fara'a, "kai namu ne, kada ka damu, za mu duba". Haka na dawo Jos da kuɗin motar da na ranto, har yau shiru. Wannan fuskar ta fi tabarma? Romon baka ne, kuma ya fi "babu" ciwo, domin da ya ce babu da na nemi wata hanya tun da wuri.

Tsohon Ɗan Kasuwa:
Ɗana mai shayi, abin da aka yi maka ba shimfiɗar fuska ba ce, daɗin baki ne, kuma Bahaushe ya raba su da suna tun da can. Bari in ba ku abin da ya same ni.

Lokacin da babbar kasuwar Terminus ta Jos ta ƙone a watan Fabrairun 2002, ina da rumfar atamfa a ciki. Ko ƙyalle ban fitar ba. Garin kuwa bai gama farfaɗowa daga rikicin Satumban 2001 ba, kowa da nasa ciwon. Na yi kusan mako biyu a ɗaka. Jama'a suna ta zuwa jaje, "Allah ya mayar da alheri", ina cewa amin, na kuma gode musu har yau, amma zuciyata ba ta motsa ba.

Sai wani maƙwabcin rumfata ya zo, ba Bahaushe ba ne, ba Musulmi ba ne, shi ma nasa kayan sun ƙone ƙurmus. Ya zauna ya ce, "Alhaji, wuta ta ci atamfa, ba ta ci amanarka ba. Shekara nawa kana karɓar kaya bashi, wa ya taɓa bin ka har gida?" Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ko sisi bai ba ni ba. Amma da wannan maganar na shiga mota zuwa Kantin Kwari a Kano, na tsaya gaban mutanen da nake hulɗa da su ba tare da jin kunya ba, suka ba ni kaya in sayar in kawo kuɗi. Abin da ya sa ta yi mini aiki shi ne gaskiya ce, kuma abu ne nawa da baƙin ciki ya mantar da ni. Mai daɗin baki ba ya tuna maka da komai naka, so yake kawai ka tashi ka ba shi wuri.

Maman Biyu:
Baba, wannan ya taɓa ni. Mu ma a Littafi Mai Tsarki akwai littafin da sunansa ma Karin Magana, a sura 12 aya 25 an ce damuwa takan nauyaya zuciyar mutum, amma magana mai kyau takan faranta ta. Ina sayen kayan gwari a kasuwar Farin Gada. Ku je da sassafe cikin hunturu ku ga matan da ke kawo kabeji da karas da tumatir, hannu ya ƙage don sanyi. Wani zai zo ya fara da "nawa ne?", wani ya fara da "sannu da sanyi Mama, yaya yara?" Kuɗin ɗaya za su biya, amma dubi fuskarta. Tun da unguwanni suka rarrabu, da yawanmu a kasuwa kaɗai muke haɗuwa, shi ya sa ba na raina gaisuwar nan ko kaɗan.

Ɗalibin Zaure:
Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa kyakkyawar magana sadaka ce. Amma a lura da aya ta 263 a Suratul Baƙara: magana ta alheri da yafiya sun fi sadakar da cutarwa ke biyo bayanta. Ba a ce sun fi sadaka kawai ba, sun fi wadda ake bi da gori. To haka karin maganar take. Cewa ta yi "ta fi", ba ta ce a naɗe tabarmar a jingine ba. Mai hali da ya tsaya a fara'a alhali yana iya taimako, ba shi da mafaka a cikinta.

Mai Shayin Bauchi Road:
To in haka ne ba mu da saɓani, Malam. Baba, na ji bambancin da ka kawo, Allah ya ƙara girma. Amma ina nan a kan cewa masu faɗinta da yawa ba haka suke nufi ba.

Ɗan Gangare:
Na gode ƙwarai. Na karanta wa Yaya duka. Bai ce ya sauka daga ra'ayinsa ba, amma labarin Baba ya sa ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tuna da wani abokinsa mai gidan burodi a Bukuru da ke neman mai kula da lissafi. Gobe da safe za mu raka maƙwabcin namu can.